Yadda Ake Haɗa Akwatin Kindirmo da Kula da Kwan Mota, Saboda Sanyin Jos

Wanda ya taɓa kwana a Jos tsakanin Disamba da Janairu ba sai an yi masa bayanin sanyi ba. Garin yana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma sanyin da ke sa dankalin Turawa da kabeji su yi kyau a Filato shi ne dai ke hana kindirmo kamawa. A Kano ko Sakkwato sai ka dafa madara da yamma, ka zuba mata iri, wato ɗan kindirmo mai rai, ka rufe ka kwanta, da safe ka tarar ta daskare. A nan kuwa na sha naɗe tukunya da bargo biyu, in tura ta bayan murhu, gari ya waye in same ta tsararo kamar yadda na bar ta, ko kuma ta yi yauƙi kamar miyar kuɓewa.

Dalilin ba wani mai nisa ba ne. Ƙwayoyin da ke mayar da madara kindirmo suna cin sukarin da ke cikinta su fitar da tsami, tsamin ne ke daskarar da ita. Sun fi aiki a zafin digiri 42 zuwa 45. In zafi ya sauka sosai sai su yi kasala, in ya haura 50 sai su fara mutuwa. Aikinmu gaba ɗaya shi ne mu samar musu ɗan ɗaki mai ɗumin digiri 43 na tsawon awa shida zuwa takwas, ko da waje ana kaɗa haƙora. Na haɗa irin wannan akwatin sau da dama, wa kaina da 'yan uwa, kuma wanda bai taɓa riƙe filaya ba ma zai iya gama shi a yini ɗaya.

Kayan da za ka tanada

Na ɓangaren wuta:
- Na'urar daidaita zafi mai lamba W1209. Ɗan allo ne da bai kai tafin hannu ba, mai jajayen lambobi uku da maɓallai uku, da wata siririyar waya mai kan ƙarfe wadda ita ce ke jin zafi. In mai shago bai gane lambar ba, ka ce masa na'urar da masu haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai suke saya. A Jos da kiwon kaji ya yi yawa, nan take zai ɗauko ta.
- Kwan sigina na mota, mai bolt 12, wat 21, tare da mazauninsa. Ka karɓi mai zare ɗaya. Kwan birki mai zare biyu zai rikita ka wajen haɗawa.
- Adafta mai ba da bolt 12, amfiya 3 ko fiye. Ko batir mai bolt 12.
- Fis mai amfiya 3 da gidansa, a wajen masu kayan mota.
- Ƙaramar fanka ta tsohuwar kwamfuta, mai bolt 12.
- Waya ja da baƙa, kamar mita biyu kowace, da baƙin tef.
- Mita ta awon wuta, ƙaramin sukudireba, filaya.

Na ɓangaren kicin:
- Kula mai murfi da ke rufewa ruf, wadda za ta ɗauki kwalabe huɗu ko biyar a tsaye, har a samu fili a gefe.
- Kwalabe masu faɗin baki da murfi. Na mayonis da aka wanke sarai sun isa.
- Babban gwangwanin tumatir ko na madarar gari, da gutsuren tayil guda.
- Tukunya mai kaurin gindi, muciya ko ludayi, da ma'aunin zafi na girki in akwai.

Kayan wutar ana samunsu a shagunan da ke kewayen Taminus da titin Ahmadu Bello, kwan da fis kuwa kowane mai kayan mota yana da su. Dalma da ƙarfen liƙi ba dole ba ne, don allon yana da sukurori da ake ɗaure waya a ciki. Ni dai ina liƙe bakin wayoyina da dalma saboda sabo, kuma kusan duk sanda na narka ta sai na tuna cewa kuzar da ke cikinta ita ce ta tara kakanninmu a garin nan.

Wani zai ce me ya sa ba za a saka kwan ɗaki na wutar gida kawai ba, a huta da adafta? Amsata a kullum ita ce a'a. Cikin kular nan tururi ne da laima, hannunka a jiƙe zai riƙa shiga, yara kuma ba sa barin abin da ke haske. Wutar bolt 12 ba ta jan mutum, ta gida kuwa tana kisa. Ga kuma riba ta biyu: in an ɗauke wuta tsakar dare, batir zai ci gaba da aikin.

Kashi na farko: haɗa akwatin

1. Ka fara da gane wayoyin adafta. Yanke ɗan kan da ake sokawa a jikin na'ura, ba wanda ke shiga wutar bango ba, ka fere wayoyin biyu, ka kunna, ka ɗora mita a kansu. In mita ta nuna 12 da ɗoriya ba tare da alamar ragi a gaba ba, wayar da jan tsinken mita ke kai ita ce mai wuta. Ka naɗa mata jan tef ko ka ɗaure ta da ƙulli don kada ka manta. Kada ka dogara da launin waya, na ga adaftar da aka juya mata launi tun daga masana'anta. In ba ka da mita, kai wa mai gyaran rediyo ko waya, minti ɗaya ne.

2. Dubi bakin allon, za ka ga sukurori huɗu, an rubuta K0, K1, +12V da GND. Wayar adafta mai wuta ta bi ta cikin fis sannan ta shiga +12V. Ɗayar ta shiga GND. Kunna ka gani: in lambobi sun kawo suna nuna zafin ɗaki, ka yi daidai. In ka ga LLL, wayar jin zafin ce ba ta zauna a raminta ba, danna ta da kyau. Kashe wuta kafin ka ci gaba.

3. Nan ne kusan kowa ke faɗuwa, ni ma nan na faɗi. K0 da K1 ba sa ba da wuta. Makunni ne kawai, kamar na bango, na'urar ce ke danna shi da kanta. In ka ɗaura wayoyin kwan biyu a kansu kai tsaye, za ka ji allon yana ƙas, ƙas, amma kwai ba zai taɓa kamawa ba. Na kwana biyu ina zargin an sayar mini da jabu, har na koma shagon da faɗa a bakina, yaron shagon ya karɓa ya duba ya ce, "Baba, ai ba ka ba shi wutar da zai wuce da ita ba." Kunya ta ishe ni.

Ga yadda ake yi. Yanki 'yar gajeriyar jar waya, ka haɗa +12V da K1, wato sukurun +12V zai riƙe waya biyu ke nan. Daga K0 ka ja waya zuwa ƙafa ɗaya ta mazaunin kwai. Daga ɗaya ƙafar ka dawo da baƙar waya zuwa GND. Shi kwai bai damu da wace ƙafa ce ta samu wace waya ba.

4. Fanka kuwa ta damu. Jar wayarta ta haɗu da wadda ta fito daga K0, baƙar ta tafi GND. In tana da waya ta uku, rawaya, naɗe bakinta da tef ka ƙyale ta. Da wannan haɗin, fanka za ta tashi tare da kwai ta tsaya tare da shi, batir ya huta. Aikinta shi ne ta zagaya da ɗumin, don kada kwalbar da ke kusa da kwai ta dahu ta nesa kuma ta yi sanyi. In ba ka samu fanka ba akwatin zai yi aiki, sai dai ka nisanta kwalabe daga kwan, ka kuma yarda cewa wata za ta riga wata kamawa.

5. Yi wa kwan gida. Ka huda gwangwanin da ƙusa ta ko'ina, gefe da sama, ramuka da yawa. Ajiye tayil a kusurwa ɗaya ta kular, ka kafa mazaunin kwan a kansa da wayar ɗauri, ka kifa gwangwanin a sama yadda gilashin kwan ba zai taɓa komai ba. Kada ka raina wat 21. Kwan nan yana zafin da zai narka roba. Kulata ta farko har yau tana da tabon da ya lotsa mata a ciki saboda na jingina shi da bango na ce ai na ɗan lokaci ne. Fanka ta zauna a gefen gwangwanin tana hura iska ta cikinsa zuwa wajen kwalabe.

6. Allon da kansa a waje zai zauna, don laima na kashe shi. Ni a cikin robar sabulu na sa nawa, na yanke taga wajen lambobin, na manna ta a jikin kular. Wayoyin kwai da na fanka da ta jin zafi su shiga ta ramin zubar da ruwa in kular tana da shi. In babu, ɗan fere bakin kular kaɗan inda murfi ke sauka, daidai kaurin wayoyin, ka toshe saura da auduga ko soso.

Kashi na biyu: saita na'urar

7. Danna SET sau ɗaya, lambobi za su riƙa ƙiftawa. Da maɓallin ƙari ko ragi ka kai su 43, ka sake danna SET.

8. Yanzu danne SET ka riƙe kamar daƙiƙa biyar har P0 ya bayyana. Danna SET ka shiga. Za ka ga harafin C ko H. C na sanyaya ne, H na ɗumama, kuma yawanci a kan C suke zuwa. Mayar da shi H. In ka manta wannan, na'urar za ta zauna tana jiran wuri ya yi zafi kafin ta kunna, kai kuma kana barci kana jiran ta ɗumama wurin. Haka na yi asarar lita uku ranar da na yi wa surukata alkawarin kindirmo.

9. Wuce zuwa P1, wato tazarar da ke tsakanin kashewa da sake kunnawa. Ka sa 1, ko 0.5. In tazarar ta yi ƙanƙanta ƙwarai makunnin zai yi ta ƙas-ƙas ba hutu har ya gaji da wuri. Sauran ka bar su yadda suke, ban da P4. Saitin ba ya gogewa in wuta ta ɗauke.

10. P4 na gyaran awo ne, kuma ya cancanci minti goma ɗinka, domin waɗannan na'urori masu araha sukan yi kuskuren digiri ɗaya ko fiye. Cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara, zuba ruwa kaɗan, juya, tsoma kan wayar ka jira minti uku. Ya kamata ta nuna 0. In ta nuna 0.8, sai ka sa P4 a kan ragin 0.8, in ƙasa da sifiri ta nuna, ka ƙara mata daidai abin da ta rage. Kada ka gwada da tafasasshen ruwa kana jiran ganin 100. Wannan lissafin na bakin teku ne, irin su Legas. A tudun Jos ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 96, sai ka je ka ɓata na'urar da ke da gaskiya. Garin gyaran gira ke nan.

11. Gwajin farko da ruwa ake yi, ba da madara ba. Cika kwalaben da ruwa mai ɗumi, jera su, ka manna kan wayar jin zafi a jikin kwalbar da ke tsakiya da tef, ka rufa masa ɗan soso ta waje don zafin kwalbar zai ji, ba na iska ba. Kada hasken kwan ya same shi kai tsaye. Rufe kular ka zauna kusa awa biyu. Abin da kake son gani shi ne kwai ya kama, lamba ta hau zuwa wajen 43, ya mutu, ta ɗan sauka, ya sake kamawa. In ka ji warin roba, kashe ka duba. In kwai ya ƙi mutuwa kuma lamba ta kasa kaiwa, kular tana zubar da zafi: duba murfin, ko ka lulluɓe ta da bargo. In adafta ta yi zafin da ba ka iya riƙe ta, ta yi ƙanƙanta. Kwan kaɗai yana jan kusan amfiya 1.75, shi ya sa na ce a nemi mai 3.

Kashi na uku: kindirmon kansa

12. Wanke kwalabe da murafensu da ludayi, ka ɗauraye su da tafasasshen ruwa, ka kife su su tsane. Ɗumin da ƙwayoyin kirki ke so, shi ne na banza ma ke so, don haka ƙazanta kaɗan a nan tana zama babba kafin safiya.

13. Madara iri biyu ce. In ta shanu ce ɗanya, daga matan Fulani da ke kawowa gari da safe, tace ta da kyalle mai tsabta ka tafasa ta sosai, ba wasa, domin ɗanyar madara tana iya ɗauke da cutar tarin fuka da wadda ke sa shanu ɓari, kuma duka biyun suna kama mutum. In ta gari ce, giram 150 a lita ɗaya ta ruwa yana ba ni kaurin da nake so; ka dama da ruwa mai ɗumi har gudaji su mutu. Ita ma ina ɗora ta a wuta. Mutane suna ganin ɓata gas ne tunda an riga an sarrafa ta, amma dafa madara zuwa wajen digiri 85 a riƙe ta nan minti 15 zuwa 20 yana sauya sunadaran gina jiki da ke cikinta yadda za su riƙe ruwa, kindirmo ya fito da jiki, ba ya tsinkewa. Wuta kaɗan, kana juyawa har gindin tukunya. Madarar da ta kama ƙasa, ƙaurinta ba ya fita ko da me.

14. Sauke ka sanya tukunyar cikin baho mai ruwan sanyi, kana juyawa, har ta sauko 45. A hunturun Jos wannan ba ya ɗaukar lokaci, ruwan randa ma kamar daga firij yake, don haka kada ka tafi wani aiki. In babu ma'auni, wanke hannu ka tsoma ƙaramin yatsa: in za ka iya ƙirga goma a natse kana jin ɗumi mai ƙarfi amma ba ƙuna, ta yi. Yaye fatar da ta taru a sama.

15. Zuba iri, wato kindirmo mai rai wanda ba a sa wa sukari ba. Cokali biyu na cin abinci a kowace lita. Ka fitar da shi daga firij tun kana dafa madara don sanyinsa ya sake. Dama shi a kofi da ɗan madarar mai ɗumi har ya yi sumul, sannan ka juye cikin tukunya ka gauraya a hankali. Yawan iri ba ya ƙara kauri, tsami da gudaji kawai yake kawowa. Kuma ka lura da abin da kake saya: wasu na kanti, musamman masu zaƙi da ke zama a kan kanta ba firij, an sake dafa su bayan sun kama, ƙwayoyin sun mutu, ba za su haifar da komai ba. In ka samu kindirmo mai kyau na yau a wajen mai nono, shi ma iri ne, sai dai ɗanɗanonsa kan bambanta daga wannan ɗauki zuwa wancan. Wata dattijuwa da nake sayen madara a wurinta ta taɓa leƙa akwatin nawa, ta yi dariya ta ce, "Ɗana, mu da ƙwarya muka gaje shi, ku kuma sai da lantarki." Na ce, "Inna, ƙwaryarki ce ta fi, sanyin garin ne ya fi ƙarfina."

16. Tun kafin ka zuba iri ka kunna akwatin ya ɗumama. Cika kwalabe, rufe, jera, manna wayar jin zafi kamar yadda ka yi a gwaji, rufe kular. In kwalaben madara ba su cika wurin ba, cike gurbin da kwalaben ruwa mai ɗumi. Suna riƙe zafi, kwai ya rage aiki. Daga nan kada ka buɗe, kada ka jijjiga, kada ka matsar. Ni bayan sallar isha'i nake sawa, in duba da asuba.

17. Bayan awa shida ɗauki kwalba ɗaya ka ɗan karkata ta. In madarar ta tsaya a dunƙule ta rabu da jikin gilashi, ta kama. Mai son tsami ya ƙara awa biyu. Fitar da su su huce, sannan firij na aƙalla awa huɗu kafin a sa cokali. A nan ne yake ƙarasa ɗaurewa. Kafin kowa ya taɓa, ɗebi irin gaba a 'yar kwalba daban ka ɓoye, don in yara suka gano shi ba za ka same shi ba. Sukari ko zuma sai an zo sha.

In babu wuta, ko babu na'urar

Ƙaramin batir mai amfiya-awa 7, irin na cikin akwatin ajiyar wutar kwamfuta, yana kai ni safiya in na ɗumama kular tukuna, madarar ta shiga da ɗuminta, na kuma lulluɓe da bargo, domin kwan ba ya zama a kunne sai jefi-jefi. In kular sanyi ƙalau ka sa madara mai sanyi ka ce batir ya ɗumama, cikin 'yan awanni zai ƙare. Mai sola a gida ya ja daga batirinsa in na bolt 12 ne, amma fis ya zauna dab da kan batir, don batir ba adafta ba ne: waya biyu suka haɗu, wuta ce za ta tashi.

Wanda bai samu na'urar ba sam, ya cika gorunan roba masu kauri biyu ko uku da ruwan da ya fi ƙarfin yatsa kaɗan, ya jera su tsakanin kwalabe, ya rufe kula ya naɗe da bargo, ya sauya ruwan sau ɗaya bayan awa uku ko huɗu. Yana yi, sai dai yana hana barci. Filas ɗin abinci da aka ɗauraye da ruwan zafi ma yana riƙe lita ɗaya har ta kama.

In ya ƙi

Ruwa mai ɗorawa-ɗorawa ya taru a sama: ya daɗe a ciki, ko zafi ya yi yawa, ko an girgiza shi. Bai lalace ba, tsiyaye ruwan ko ka gauraya. Ya yi yauƙi yana jan zare: ɗumi bai isa ba, ko irin ya tsufa. Ni bayan zagaye huɗu ko biyar nake sauya iri, kuma nakan daskarar da sabo a farantin ƙanƙara in riƙa ɗaukar ƙwaya biyu-biyu. Bai kama ba ko kaɗan: ko ka zuba iri madara na da zafi, ko irin matacce ne, ko P0 yana kan C. In duk waɗannan lafiya suke kuma madarar ta shanu ce, mai yiwuwa an yi wa saniyar allurar kashe ƙwayoyin cuta kwanan nan, saurar maganin ta kashe irin. Wannan ba laifinka ba ne, sauya madara. Wanda ya yi wari, ko ya kumbura murfi, ko ya sauya launi, zubar da shi, kada ka ɗanɗana.

Mai kyau yana kai mako guda a firij. In kana son mai kauri da cokali zai tsaya a ciki, juye shi a kyalle mai tsabta a kan rariya, a cikin firij, awa biyu ko uku. Da fura dai ba sai an faɗa ba. A gidanmu an fi cinsa da dafaffiyar acca, ko da sitiroberin da ake kawowa daga wajen Vom, wanda shi ma a lokacin sanyin nan yake fitowa.

Akwatin kuma ba na kindirmo kaɗai ba ne. Sauke lambar zuwa 30, ka sa ƙullin waina ko kwaɓin burodi ko na fanke, zai tashi a kan lokaci ko da hazo ya rufe gari. Sai dai ka zaɓi roba mai zurfi, don ƙullin waina ya taɓa ambaliya a nawa har cikin fanka. In kuma sha'awar ƙyanƙyasar ƙwai ta kama ka, tunda na'urar ɗaya ce, nemi wata kular daban, kada ka haɗa ƙwan kaji da abin da za a sha a wuri guda.